Mma Adjara, Wadda Ba Ta Yarda Mu Fita da Baƙar Leda Ba

Mma, zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ke kanki. Baƙar ledar sharar nan da na shigo gidanki da kayana a ciki, wadda kika ce in zazzage in jefar, ban jefar ba. Ninke ta na yi, na tura ƙarƙashin katifa. Shekara uku tana wurin. Shi ya sa ban taɓa bari kin gyara mini gado ba, ke kuma kina ta yabona a gaban ƙawayenki wai ni yarinya ce mai son aikin kanta. Ba son aiki ba ne. Tsoro nake yi ranar tafiya ta zo ba ni da abin zuba kaya.

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, goma sha takwas ga watan Oktoba na shekarar 2016, Allah Ya karɓi ran Hajiya Adjara Inusah, wadda duk Morris Heights ke kira Mma Adjara. Ta faɗi ne a bakin murhu tana sauke wake da shinkafa, aka kai ta asibiti, ba ta sake magana ba. Shekarunta sittin da uku. An yi mata salla a masallacin unguwa, aka kai ta makwancinta a New Jersey. Haifaffiyar zangon Kumasi ce, ta yi shekara ashirin da ɗoriya a Bronx tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mijinta ya riga ta rasuwa. Ta bar 'ya ɗaya, Anti Sherifa, da jikoki biyu, da ƙanenta Kawu Abdul-Karim. Ta kuma bar mu, waɗanda ba a lissafa mu a sanarwar rasuwa.

Sunana Mariya. A zaman makoki na ji mata da yawa suna tambaya, “Wannan mai zuba ruwan 'yar wa ce?” Sai a ce musu, “'Yar hukuma ce, Mma ke riƙonta.” Gaskiya ne, don haka bari in yi bayanin kaina sau ɗaya in huta. Daga Zariya muka zo ni da mahaifiyata ina da shekara goma sha ɗaya. Mahaifina ya rasu tun ina goye. Ina sha uku ita ma ta kwanta ciwo ta rasu, kuma ba mu da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan. Hukumar kula da yara ta ɗauke ni ta sa ni a abin da ake kira fosta, wato a ba wani gida riƙonka. Na zauna gida biyu kafin naki. Ba zan zagi kowa ba, an ba ni abinci, an ba ni gado. Amma duk ranar da za a ɗauke ni daga wani gida, baƙar leda ake miƙo mini, irin wadda ake zuba shara, a ce in yi sauri mota tana jira.

Ranar da aka kawo ni wurinki, kina tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu. Ba ki kalli ma'aikaciyar da ta kawo ni ba, ledar kika kalla. Kika ce, “Ei! Kai, yarinya, wannan kayanka ne ko shara?” Na waiga ina neman namijin da kike wa magana. Lokacin ban san mutanen zango da “kai” suke kiran kowa ba. Na ce kayana ne. Kika ce, “To zazzage. A gidan nan mutum ba ya shiga da leda, ba ya fita da leda.” Rabona da jin Hausa a bakin babba tun ranar da aka rufe mahaifiyata. Ban yi kuka ba a gabanki. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Ni ba mai magana ba ce, kin sani. A makaranta malamai sukan manta ina ajin. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya. Na fara da waɗanda mahaifiyata ta zo da su a ƙasan akwati, har bangonsu ya cire, daga baya na koma karantawa a waya. A cikin kaina akwai wani mutum da na gina tun ina gida na biyu. Na sa masa suna, amma wannan kam ba zan rubuta ba. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, motarsa tana ƙamshin turare. Shirina shi ne ranar da na cika sha takwas in sa hannu in fita daga hannun hukuma, in sauko daga ofishin in tarar da shi a ƙofa yana jira. Yadda zai san ina wurin, ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba.

Ke kika gane ina karantawa, kika ce in riƙa karanta miki da ƙarfi idan kina tsintar wake, tunda ke boko bai zauna miki ba. Ke kaɗai ce mutumin da na taɓa karanta wa abu da ƙarfi a duniya. Kuma ba kya bari a yi shafi biyu lafiya. “Tsaya. Shi wannan Alhajin, aikin me yake yi? Tun jiya yana zaune a mota yana kallon yarinya.” Ko ki ce, “Ita yarinyar da ta gudu daga gida, ta ɗauki takardunta?” In ce Mma, labari ne. Ki ce, “Yoo, labari ne. Ci gaba. Amma ni ban ga inda suka biya kuɗin wuta ba.” Kina dariya har da hawaye, amma washegari ke za ki fara tambaya, “Ina muka tsaya? Ya faɗa mata ko bai faɗa ba?”

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba: a nan, yaron da ke hannun hukuma idan ya cika sha takwas ana tambayarsa ko zai ci gaba da zama har ashirin da ɗaya, ko zai sa hannu ya fita. Idan ya cika ashirin da ɗaya kuwa babu tambaya, fita zai yi. Ba a taro, ba a addu'a. Jiya kana da mai tambayar ko ka ci abinci, yau an rufe fayil ɗinka. Mai gidan haya zai ce ka kawo wanda zai tsaya maka, ba ka da shi. Wurin aiki za su ba ka takarda ka rubuta wanda za a kira idan wani abu ya same ka, ka zauna kana kallon layin. Wasu ba su taɓa dafa shinkafa ba, wasu ba su san inda takardar haihuwarsu take ba. Mma ba ta karanta wannan a ko'ina ba. Gani ta yi, shi ya sa ta karɓi riƙon manyan yara, irin waɗanda gidaje ba sa so, saboda kowa jariri yake nema.

Abena, ɗaya daga cikin yaran da Mma ta riƙa, ita ce ta ba ni labarin kanta da bakinta, kuma ta ce in rubuta. Ita ma a ɗakin da nake kwana ta zauna, kafin zuwana. Ranar da ta cika sha takwas ta sa hannu ta bi wani saurayi, Mma tana roƙonta kar ta yi. Kafin sanyi ya shigo saurayin ya kore ta. Ta kwana a kujerun ƙawaye har suka gaji da ita, ta koma kwana a jirgin ƙasa mai lamba huɗu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana wanke fuska a banɗakin laburare. Kunya ta hana ta dawowa. Mma ta ɗauki hutu daga aiki tana bin unguwa unguwa da hotonta a waya, har ta same ta da rana tsaka a wani shagon wanki, tana zaune kusa da injin busar da kaya saboda ɗumi. Abena ta ce ta shirya jin faɗa. Mma ta ce mata, “Tashi mu je, tuwo yana hucewa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Daga baya ta yi ta zirga-zirga da ita kotu har aka mayar da ita hannun hukuma, ta ƙarasa shekarunta a gidan. Yau Abena tana aiki a kantin magani, tana da ɗakinta, tana da makullinta.

Ni kuwa abin da kika yi mini ba shi da daɗin labari irin wannan, amma shi nake amfani da shi kullum. Kin tsaya a kaina da muciya sai da na kira asibiti da kaina na nemi ranar ganin likita, kina yi mini alama da ido in ci gaba. Kin ja ni wurin lauya a kan takardun zamana, kina cewa wannan ba a jira sai an girma. Kin koya mini tuwon zafi da miyar ayoyo, da shito, soyayyen yajin 'yan Ghana wanda ba ya lalacewa, da yadda ake gane kifin da ya kwana. Kin sa na haddace lambar Abena da ta Boubacar, shi ma ɗan riƙonki, wai waya tana ɓata, kai ba ya ɓata. Kuma kin sa na yi miki alkawari, hannuna a cikin naki, cewa ba zan sa hannu in fita ba sai lokaci ya yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa nake wannan rubutu, abin da mutanen Morris Heights suka sani amma na nesa ba su sani ba.

Mma tana yi wa kowane ɗan riƙonta kayan ɗaki. Irin na aure nake nufi. Daga ranar da yaro ya cika sha takwas take fara tarawa, ɗaya bayan ɗaya: tukwane, kwanukan samira, kula, ludayi, muciya, bargo, zannuwan gado, labule, buta, darduma. Tana tura su ƙarƙashin gadonta. Ranar da zai fita kuma ba ta bari ya tafi shi kaɗai. Sai ta buga wa matan masallaci waya, su yi ado, su ɗauki kayan, a raka shi har sabon ɗakinsa kamar yadda ake kai amarya. A share, a jera, a kunna turaren wuta, a ɗora tukunya a dafa abincin farko a wurin, a yi addu'a, sannan a watse. Abena Kirista ce, ba a sa mata darduma ba, amma buta kam sai da Mma ta sa. Ta ce, “Ko ba ka salla, ai kana wanke ƙafa.”

Na ga rakiyar Boubacar da idona, a shekarata ta farko a gidan. Shi iyayensa mutanen Yamai ne, ya taso a hannun hukuma tun yana ƙarami. Ya samu ɗaki a Park Hill, can Staten Island. Mata sun fi goma, kowa da ɗaurin kaya, wasu a ka. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga jirgin ruwa, mutane suna ta ɗaukar mu hoto. Boubacar, ƙato guda mai gemu, ya ja hula ya rufe ido, yana cewa, “Mma, pardon, don Allah, ana kallonmu.” Wata tsohuwa ta ce masa, “Yi shiru, amarya ba ta magana.” Wata ta ce, “A lulluɓe shi mana, ga mayafi.” Da muka isa benen, ɗaya daga cikinsu ta rangaɗa guɗa a kan matakala, maƙwabta suka buɗe ƙofofi a firgice suna zaton gobara ce. Shi da ya ce yana jin kunya, da aka zo addu'a shi ya fi kowa kuka.

A hanyar dawowa na yi ƙarfin hali na tambaye ki me ya sa sai an yi wannan wahala, ba a saka kayan a mota kawai ba. Kika ce, “Idan mutum ya shiga sabon wuri shi kaɗai da leda, kowa a benen ya san ba wanda zai zo tambayarsa. Idan mata goma suka kawo shi, mai gidan ma zai gyara masa famfo.” Sannan kika ce, “Kuma kowace mace da ta ɗauki kwano ta san ƙofarsa. Shi ma ya san tata. Ranar salla yana da inda zai je.” Haka kuwa aka yi. Har yau Boubacar bai taɓa cin abincin salla shi kaɗai ba.

A watan Afrilun da ya wuce na cika sha takwas. Ban sa hannu ba. Mutumin motar ma bai zo ba, na dai duba titi da muka fito daga ofishin, ba zan ɓoye miki ba. Daga can kika wuce da ni wani shagon 'yan Ghana, kika tsayar da ni gaban tukwane kika ce in zaɓa. Na ce kowacce ma. Kika ce, “Babu tukunya mai suna kowacce. Zaɓi.” Na daɗe a tsaye. A rayuwata ba a taɓa cewa in zaɓi abin da zai zauna tare da ni ba. Na nuna koriya mai murfin gilashi. Kika ce, “Yoo. Saura shekara uku, za mu cika a hankali.” Daga nan duk ƙarshen wata sai kin shigo da wani abu a jaka, ki kira ni ɗaki ki nuna mini, ki tura ƙarƙashin gado. Ba ki gaya wa ƙawayenki kin fara nawa ba, saboda a lissafinki da sauran lokaci.

Lokacin bai kai ba, Mma. Ƙarshen watan nan za a mayar wa masu gida makulli. Hukuma ta samo mini wuri a Flatbush, wani gida da ake sa 'yan mata irina da suka haura sha takwas, kowa da ɗakinta, kowa ta dafa nata. Ranar Litinin zan koma. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na fi son in sa hannu in fita gaba ɗaya, na ce a'a, na yi wa wata alkawari. Ta ce to, za ta zo da mota, za ta taho mini da leda idan ba ni da akwati. Ba da mugunta ta faɗa ba. Haka ta saba.

Bayan addu'ar bakwai aka fara haɗa kayanki. Anti Sherifa ta zo daga Columbus, inda take aikin jinya, Kawu Abdul-Karim ya zo daga Worcester. An kawo shuɗin duro biyu da za a aika Kumasi ta ruwa. Da aka janye gadonki, sai ga kaya sababbi fil a jere, da ledojinsu. Anti Sherifa ta durƙusa ta ɗauki koriyar tukunyar, ta rungume ta, ta fashe da kuka. Ta ce, “Allah sarki Mma. Ashe Tahiratu take yi wa shiri ba ta faɗa ba.” Tahiratu 'yar ƙanwarki ce da za a yi wa aure a Kumasi a watan Disamba. Kawu ya ce, “Shakka babu. Wa ke tara samira da labule in ba don amarya ba?” Duk wanda ke ɗakin ya gyaɗa kai. Kowane Bahaushe da ya ga kayan nan abin da zai ce ke nan. Su biyun a nesa suke zaune, ke kuma ba kya ba da labarin alherinki a waya.

Ina tsaye a wurin da tsofaffin jaridu a hannu. Anti Sherifa ta miƙo mini tukunyar ta ce in naɗe ta da kyau kar murfin ya fashe. Na naɗe. Na naɗe kwanukan ma, ɗaya bayan ɗaya, na jera su a duro da hannuna. Ta yaya 'yar riƙo za ta buɗe baki a gidan makoki, mai gida ko kwana goma ba ta yi a ƙasa ba, ta ce wannan nawa ne? Kuma na ji Kawu yana yi wa mutane bayanin gado, na san gaskiya ya faɗa: ɗan riƙo ba ya gado, kuma abin da mamaci bai damƙa wa mutum ba kafin ya rasu, na magada ne. Ba ni da shaida. Ba ki rubuta sunana a kan komai ba. Gobe Asabar masu ɗaukar duro za su zo.

Don haka, Anti Sherifa, wannan sashen naki ne, ki gafarce ni da na sa shi a cikin ta'aziyyar mahaifiyarki. Ba haƙƙi nake nema ba, ba ni da shi. Tahiratu amarya ce ta gaske, a kai mata samira da labule da bargo, wallahi har zuciyata. Abu biyu nake roƙo. Na farko, koriyar tukunyar, domin ni na zaɓe ta. Na biyu shi ne babba: ki buga wa matan masallaci waya, ki ce musu ranar Litinin za a kai Mariya Flatbush. Sun san abin da ake yi, ba sai kin yi musu bayani ba. Ni ba zan iya kiransu ba. Wadda za a kai ba ita ke gayyatar masu kai ta ba, sai wani daga gidan ya ce “'yarmu ce, ku zo ku raka ta.” Mma ce mai faɗin wannan kalmar. Yanzu ke kaɗai kika rage da za ki iya faɗinta. Idan kin ga bai dace ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba, kuma ba zan daina yi wa Mma addu'a ba.

Ya Allah, ga baiwarka Adjara ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi. Ta wanke tsofaffin mutane da ba danginta ba, ta ciyar da 'ya'yan da ba ta haifa ba, ta bi titi tana neman wadda ta ɓata har ta same ta. Ka sa duk wannan a mizaninta. Yadda ba ta taɓa bari ɗayanmu ya shiga baƙon wuri shi kaɗai ba, ya Allah kar Ka bar ta ita kaɗai, Ka haɗa ta da mala'ikun rahama su yi mata rakiya har Aljannar Firdausi. Ka haɗa ta da mijinta, da iyayenta, da mahaifiyata Allah Ya jiƙanta, wadda ba su taɓa haɗuwa ba amma ta ƙarasa mata aikinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Sherifa da maigidanta da yaransu, ga Kawu Abdul-Karim, ga dangi na Kumasi, ga Tahiratu da za ta shiga ɗaki babu idon Mma, Allah Ya sa albarka a aurenta. Ina yi wa matan masallaci ta'aziyya, da tsofaffin da take kula da su, waɗanda za su ji ƙofa ta buɗe su ga wata fuska daban. Ina yi wa Abena da Boubacar, da sauran da suka kwana a ɗakin nan kafin mu, da ni kaina. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Da Hausa na rubuta, Mma, saboda Turanci harshen fayil ɗina ne, Hausa kuwa da ita muke hira. Da farko na yi niyyar in ninke takardar in ajiye, kamar yadda na saba ajiye komai. Na san kuma Anti Sherifa tana jin Hausa sarai amma karanta ta yana ba ta wuya, wato idan na miƙa mata, cewa za ta yi in karanta mata, wataƙila ma a gaban Kawu. Tun safe nake juya wannan a raina.

Ɗazu bayan la'asar, da baƙin yau suka ragu, kwanukan takarda da kofuna sun taru a kicin har sun zubo. Na ji Anti Sherifa tana buɗe durowa tana rufewa, tana cewa, “Gidan nan ba sauran ledar shara ko ɗaya?” Na shiga ɗaki na ɗaga katifa, na ciro baƙar ledar nan. Ta yi laushi, layukan ninki sun yi fari, amma ba ta huje ba. Na kai mata, na riƙe mata baki, ta zuba. Ta ɗaure, Boubacar ya sauka da ita.

Yanzu ba ni da abin zuba kaya ranar Litinin. Anti Sherifa tana zaune a falo, ita da Kawu, suna neman abin liƙe murfin duro. Zan sa hijabina, in sha ruwa, in kai mata takardar nan. Idan ta ce in karanta, zan karanta, da ƙarfi, yadda nake karanta miki.

Mariya
Morris Heights, Bronx
Juma'a, 28 ga Oktoba, 2016